Hura Wuta a Gona da Daji: Tsakanin Audugar Rimi, Kandilo, Ƙaron Maje da Abin da Ake Haɗawa a Gida

Gonarmu tana da nisan da ba a komawa gida cin abincin rana. In aka fita da asuba sai bayan la'asar, shi ya sa bukkar da ke bakin gonar ba ta rabuwa da duwatsun murhu uku da tukunya da butar shayi. Da rani hura wuta a wurin ba wani aiki ba ne. Amma a watan Agusta, in marka ta kwana uku ba ta ɗauke ba, a nan ake gane ashana kaɗai ba ta isa ba. Wata rana na ƙarar da kusan rabin kwalin ashana a kan ƙirare masu danshi, sai ɗan yayana, yaro ɗan shekara 12, ya ce, "Baffa, bari ka gani." Ya tsinto ledar fiyawata ya kunna mata wuta, kamar yadda ya saba gani ana yi a unguwa. Ledar ta narke ta ɗiga a bayan ƙafarsa, ta manne da fata. Tabon yana nan har yau, kuma duk ranar da na gan shi sai raina ya ɓaci. Tun daga wannan rana na shiga gwada duk abin da aka ce mini yana tayar da wuta, na daji da na haɗawa a gida, don in san wanne ya kamata mutum ya riƙe a aljihu, wanne kuma zai dogara ya tsinta a inda ya sauka.

Abin da na fara ganewa shi ne aiki uku ne daban-daban, mu kuma muna haɗa su wuri guda mu ce "abin kunna wuta". Akwai abin da ke kama tartsatsi ya mai da shi wuta. Akwai abin da ke riƙe harshen wuta na wasu mintoci har itace ya bushe ya kama. Akwai kuma abin da ke ɓoye garwashi ya ajiye maka shi har ka dawo. Ban taɓa samun abu ɗaya da ya iya duka ukun ba. Na tsakiyar shi ne wanda damina ke nema, dalili kuwa a fili yake: ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ake kira busasshe ma yakan riƙe wajen kashi 20 cikin 100. Zafin farko da ya taɓa itace ba ƙona shi yake yi ba, korar ruwan da ke cikinsa yake yi. Tsinken ashana kuwa daƙiƙa kaɗan yake yi ya mutu. To ka ga an aiki yaro aikin manya.

Abin da ke kama tartsatsi

A wannan fanni ban ga abin da ya kai audugar rimi ba. Zarenta rami ne a ciki, iska ce ta fi yawa, sannan bayansa yana da wani santsi kamar kaki da ke hana ruwa shiga. Saboda haka ne ma aka daɗe ana cusa ta a rigunan hana nutsewa na masu jirgin ruwa kafin a koma na roba. Wanda ya tashi a ƙasar Zazzau, inda rimaye suke tsaye tun kaka da kakanni, ya san yadda take tashi a iska a ƙarshen rani in kwansonta ya fashe, ya kuma san yadda iyaye ke tsawata wa yara kada su kusanto da fitila inda ake cusa matashin kai. Tartsatsi guda ya ishe ta. Laifinta shi ne gaggawa: ta yi bal ta mutu kafin ka ɗauko tsinke. In ka ɗora mata ƙirare kai tsaye, ko ɗumi ba za su yi ba. Sai an yi mata gida da busasshiyar ciyawa mai laushi, an murje ciyawar a tafin hannu, an sa audugar a tsakiya kamar ƙwai a sheƙa.

Audugar tumfafiya ƙanwarta ce. Ba ta kai ta rimi yawa ba, kuma ta fi ta saurin ƙarewa, amma tumfafiya tana da abin da rimi ba shi da shi: tana ko'ina, a kufai, a bakin hanya, a gonar da ta gaji, har can arewa inda rimi ba ya fita. Busasshen karanta ma ba shi da nauyi, yana saurin kamawa. Sai dai a nemi 'ya'yan da suka bushe suka fashe da kansu. Kada a fasa ɗanye, domin farin ruwan nan nata in ya shiga ido yana ƙona shi, har mutum ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya shafa fuska.

Kakana da ƙyastu yake kunna wutarsa har ya rasu, ko da yake akwai ashana a gidan. Ƙarfe ne ɗan lanƙwasasshe, da dutsen ƙanƙara, da wata baƙar auduga a cikin ƙaramar jakar fata. Na daɗe ina zaton datti ne ya baƙanta ta, ashe da gangan aka babbake ta. Audugar da aka babbake ba tare da ta ci da wuta ba ta riga ta zama gawayi mai laushi, shi ya sa ko raunannen tartsatsi ya faɗa mata sai ka ga jan ɗigo ya fara yaɗuwa. Ana iya yin irinta a gida: a yanka tsumman auduga zalla ƙanana, a zuba a gwangwanin da ke da murfi, irin na man goge takalmi, a huda murfin da ƙusa huda ɗaya, a ɗora a kan garwashi. Hayaƙi zai yi ta fita ta hudar. In ya tsaya a sauke, kada a buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba iska ta shiga ya zama toka. Yadin roba ba ya yi, narkewa yake. Wannan baƙin tsumma garwashi yake bayarwa ba harshen wuta ba, dole a naɗe shi a ciyawa a yi ta hurawa a hankali. Kuma danshi kaɗan ya kashe shi. A ganina ga mai ashana ko laita ba shi da wani amfani na yau da kullum, sai dai ga maharbi ko makiyayin da kan yi makonni bai shiga gari ba. Amma ga wani abu da ya kamata kowa ya sani: laitar da gas ɗinta ya ƙare ba ta mutu ba. Ɗan dutsen da ke cikinta, wanda wani masani ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Carl Auer von Welsbach ya ƙirƙiro a 1903, yana nan yana fitar da tartsatsi, kuma tartsatsin ya ishi audugar rimi ko baƙin tsumma. Ƙyastu ne na zamani, kada a yar.

Abin da ake tsinta a gona

Yayi, busasshiyar gamba, ganyen kara, kaba: duk waɗannan da rani sun wadatar, ba sai an tsaya dogon bayani ba. Da damina kuwa duk abin da ke kwance a ƙasa ya sha ruwa, sai dai a duba sama. Matattun rassan da ke maƙale a jikin darbejiya ko aduwa sun fi na ƙasa bushewa nesa ba kusa ba, domin iska na kaɗa su. In ka karya ka ji ƙas, ya yi. In ya lanƙwashe, bar shi. Babban reshe ma da ruwa ya jiƙa bayansa, in ka faskara shi za ka tarar cikinsa a bushe, sai ka fere shi siri-siri da wuƙa. Ƙarƙashin jinkar bukka ma, daga ciki, ba a rasa ciyawar da ruwa bai taɓa ba, amma a zara kaɗan, kada a yi wa bukka ɓarna.

Totuwar masara ta fi ƙarfin a kira ta tarkace. Ba ta kama ashana da sauri, amma in ta kama tana ci a natse ta bar garwashi mai kyau. Tuƙar rake da ta bushe ta fi ta saurin kamawa, masu dafa mazarƙwaila da ita suke iza wutarsu. Ɓawon gyaɗa yana taimakawa in an watsa shi kaɗan-kaɗan a kan wutar da ta riga ta tashi. Buntun shinkafa da ƙaiƙayi kuwa ban ba da shawarar a fara wuta da su ba: suna cunkushewa su hana iska shiga, sai hayaƙi kawai, in ka zuba da yawa ma su kashe 'yar wutar da ka samu.

Kandilo, wato busasshen kashin shanu, mutane da yawa suna saka shi a layin abin kunna wuta, kuma a nan suke kuskure. Ba ya ba da harshen wuta na kirki. Aikinsa na uku ne, ajiyar garwashi, kuma a wannan ba shi da na biyu. Wani dattijon Bafulatani da ke sauka kusa da gonarmu bayan girbi ya taɓa ganina ina fama da ashana da sassafe, ya ce, "Malam, wutar jiya fa? Ina ka bar ta ta tafi?" Ya nuna mini yadda suke yi a ruga: a ɗora kandilo biyu ko uku a kan garwashin dare, a rufa da toka a bar 'yar kafa. Da asuba ka tone, ka tarar da ja a ciki, ka ɗora ciyawa ka hura. Hayaƙinsa kuma yana korar sauro da ƙudan da ke damun shanu. Kashin jaki ya fi na shanu saurin kama garwashi, domin jaki ba ya tuƙa, ciyawar tana fitowa da sauran zarenta. Abu biyu zan ja kunne a kai. Na ɗaya, a juya kandilo da sanda kafin a sa hannu, kunama na son ƙarƙashinsa. Na biyu, duk kandilon da ka ƙona taki ne ka hana gonarka, don haka biyu ko uku na kwana sun isa. Da damina kuma sai wanda aka tara tun rani aka ajiye a inuwa.

Wanda ya fi ba ni mamaki a cikin na daji shi ne ƙaron maje, wannan da mata ke sawa a turaren wuta. Ruwa ba ya shigarsa. Ka tsoma shi a kwano ka ciro ka goge, ka kunna, zai narke ya ci da wuta mai ƙarfi, ya zubo a kan ƙiraren da ke ƙarƙashinsa ya kama su. Ɗan guntu kamar ƙwayar dabino yakan yi mintoci yana ci. Ƙaron hano ma haka yake, kuma hano yana da ƙarin alheri, ɓawonsa yana saɓulewa siri-siri kamar takarda, yana kama wuta nan da nan. A ɗebi wanda ya saɓule da kansa kawai. Masu sassaƙen magani sun riga sun yi wa hano illa a duwatsu da yawa, kada mu ƙara. Amma fa ba kowane ƙaro ba ne. Ƙaron dakwara, wanda ake fitarwa ƙasashen waje, wanda kuma ake sawa a tawada, ba ya ci da wuta, sai ya kumbura ya yi baƙi. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: jefa shi a ruwa. In ya narke ya yi yauƙi, na tawada ne. In ya zauna yadda yake, na wuta ne. Ƙaron maje yana fitar da baƙin hayaƙi lokacin da yake ci, saboda haka a bari ya cinye kafin a ɗora nama ko masara.

Akwai kuma 'ya'yan itatuwa masu mai. 'Ya'yan cin-da-zugu da ake shinge da shi, in aka ɓare aka tsire su a tsinke, suna ci ɗaya bayan ɗaya kamar kyandir. Zurma ma haka. Suna aiki, amma duka biyun guba ne, kuma 'ya'yan cin-da-zugu suna kama da gyaɗa a idon yaro. Ni ba na ajiye su a bukkar da yara ke shiga. Gyaɗar kanta, wadda kusan rabinta mai ne, tana yin wannan aikin in an matsu, ba tare da fargaba ba.

Abin da ake haɗawa a gida

In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak in shiga damina da shi, audugar da aka shafa wa basilin zan ɗauka. Basilin daga ɗanyen man fetur ake tace shi, ɗan'uwan kakin kyandir ne. Wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya yi masa rajista a 1872 bayan ya lura da wani maiƙo da ke taruwa a jikin injinan rijiyoyin mai. Shi kaɗai ba ya kama ashana. Auduga ita kaɗai kuma daƙiƙa kaɗan take yi. In suka haɗu sai audugar ta zama lagwani, basilin ya zama mai, ka samu ƙaramar fitila da ke ci minti uku zuwa biyar a gwajin da na yi ta maimaitawa, da harshen wuta mai tsawon yatsa wanda iska ba ta saurin kashewa. Wannan lokaci ya ishi ƙirare masu danshi su bushe su kama. Yadda ake yi: a ɗebi auduga kamar girman goro, a lakaci basilin a shafe bayanta, a murza kaɗan. Kada a cika ta da mai har ciki. Kuskuren da na fara yi ke nan, na dama ta sosai har ta ƙi kamawa. Ana so cikinta ya zauna a bushe, in za a kunna a yage ta a fito da farin zaren, shi zai kama wuta ya miƙa wa man. Guda goma sha biyar suna shiga ƙaramar robar magani mai murfi. Audugar gona da aka cire wa iri tana yi daidai da ta kemis. Na gwada da audugar rimi, tana yi, amma ba ta shan mai kamar auduga saboda santsin nan nata.

Raunin audugar basilin zafi ne. A watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, basilin yakan saki jiki ya tsattsafo ya ɓata aljihu in murfin bai rufu da kyau ba. Man kaɗe yana iya maye gurbin basilin, yana ci da kyau kuma ba ya wari, amma ya fi shi saurin narkewa, zafin jiki ma ya ishe shi. Kitsen da aka narka daga wurin mahauta shi ma yana yi, kuma ya fi araha, sai dai yana jan tururuwa da ɓera, in ya daɗe kuma ya yi ɗoyi. Na kwana biyu ne, ba na ajiya ba.

Mai ƙarfin cikinsu duka shi ne garin katako da kaki. A samo garin katako wurin kafinta, a cika ramukan kiret ɗin ƙwai na kwali, a narka guntayen kyandir ko kakin zuma a zuba a kai, in ya daskare a yayyanke rami-rami. Kowane guda yakan yi sama da minti goma yana ci, ruwan sama ba ya yi masa komai, zafin bazara ba ya narka shi, domin kakin zuma sai ya kai wajen digiri 62 yake narkewa. Shekara guda yana ajiye bai canza ba. Wannan shi ne na gawayi. Gawayi ba ya kamawa da wutar minti biyu, yana son zafi mai ɗorewa a wuri ɗaya, kuma guda ɗaya a ƙarƙashin tulin gawayi a kurfoti ya wadatar, in an ɗan taimaka da mafici. Amma wannan haɗin na kaki yana da wahalar haɗawa, yana cin wuri a jaka, kuma ba ya kama tartsatsi, dole sai da ashana ko laita mai rai, a kunna gefen kwalin. Wurin narka kakin a kula sosai: kada a ɗora gwangwanin kai tsaye a kan wuta. A sa shi cikin tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa ya narkar da shi, ta haka zafin ba zai wuce digiri 100 ba. Kakin da ya yi zafi fiye da kima yana kamawa da kansa, in kuwa ya kama, ruwa ba ya kashe shi sai dai ya fantsama shi. Murfi ake kifawa. A kuma guji garin katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, da na allunan da aka manne da gam, tunda a kan wutar nan za a dafa abinci.

Tsakanin waɗannan biyun akwai na talaka, wanda kuma na fi yawan amfani da shi a gida: totuwa da tsohon man suya. Man da aka soya ƙosai ko kifi har ya yi baƙi, maimakon a zubar, a jiƙa busasshiyar totuwa a ciki ta kwana, a tsame ta tsane. Tana daɗewa tana ci, tana tayar da gawayi, ba a kashe ko kwabo ba. Laifinta maiƙo da jan ƙwari, kuma tana son a fara mata da 'yar takarda ko ciyawa. Ko takardar da aka murɗe aka ɗiga mata cokali ɗaya na man gyaɗa tana yin rabin wannan aiki. 'Yan'uwanmu mazauna Sabo a Ibadan da sauran garuruwan Yarabawa sun san irin wannan dabara da sunan oguso, wanda ake yi da zaren ƙwarar manja bayan an matse mai, a dunƙule a shanya. In ka samu a kasuwa ka saya, yana da kyau. Baƙin man inji dai kada a kusanto da shi. Akwai ƙarafa masu guba a cikinsa.

Leda, silifa, kananzir da fetur

Na san dalilin da ya sa leda ta zama abin kunna wuta a gidajenmu. Tun da aka cire tallafin kananzir a 2016 kuɗinsa yake hawa, har ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali, leda kuwa tana ko'ina kyauta, kuma gaskiya tana kamawa ko da ruwa. Ba zan ce ba ta aiki ba. Amma tana ɗiga tana ci, abin da ta ɗiga a kai kuma ta manne masa, shi ya sa ƙunarta ke zurfi. Guntun silifa da taya da bututun roba sun fi ta muni, hayaƙinsu yana ɗauke da guba mai shiga huhu, yana kuma sauka a kan abinci. Mace mai hura wuta sau uku a rana, fuskarta a kan murhu, goyo a bayanta, ita da jaririn ne ke shaƙa. Duk abin da leda ke yi, audugar basilin ko totuwar mai tana yi, har ta fi ta daɗewa.

Kananzir mai kyau ba ya fitar da tururin da ke kamawa sai ya kai wajen digiri 38, shi ya sa ake iya ɗiga shi a kan itace a kunna lafiya. Fetur kuwa tun yana ƙasa da sifili da digiri 40 yake fitar da nasa, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana yaɗuwa ba ka gani. Ka ƙyasta ashana a nan, wuta ta bi ƙasa ta koma jarka. Masifar ita ce kananzir da aka gauraya da fetur, wanda ya sha hallaka mutane a ƙasar nan, kuma da ido ba ka bambancewa. Wanda ya ga dole sai kananzir, ya jiƙa totuwa ko toka da shi nesa da murhu, ya rufe kwalbar ya ajiye can, sannan ya kunna. Zuba shi a kan wutar da ke ci ko garwashin da ake zaton ya mutu, wannan ne ke ƙona fuska. Fetur kam babu wata hanya mai lafiya, ko a zuƙo daga tankin babur ne.

To wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da wata da kuma abin da za ka kunna. Manomin da ke wuni a gona daga Yuli zuwa Satumba, ya riƙe robar audugar basilin a aljihu, ya rataye damin ƙirare da buhun totuwa a cikin bukka tun kafin ruwa ya zauna. Ba ya bukatar fiye da haka. Mai shayi, mai tsire, mai gasa masara a bakin titi, duk wanda gawayi ne makamashinsa kuma kullum sai ya kunna, totuwar mai ta fi masa, domin kyauta ce kuma yana da tsohon mai a kusa. Garin katako da kaki ya ajiye na ranar da aka tashi da ruwa. In yana so gawayin ya yi saurin kamawa, ya samu babban gwangwani ya cire samansa da ƙasansa, ya huhhuda gindin, ya sa abin kunnawar a ƙasa gawayi a sama. Gwangwanin yana jan iska daga ƙasa, cikin minti goma zuwa sha biyar gawayin ya yi ja ba tare da fifita ba. Makiyayi da maharbi da mai doguwar tafiya a ƙafa, waɗanda nauyi ke damunsu kuma ba su san ranar shiga kasuwa ba, ƙaron maje da 'yar audugar rimi a jakar fata sun fi dacewa da su, da kandilo na kwana.

Ita kanta ashanar tana son kulawa. Sinadarin da ke tayar da wutarta rabi yana kan tsinken, rabi yana gefen kwalin, don haka in gefen kwalin ya jiƙe, busassun tsinkaye ba su da amfani. Ni nakan yanke gefen in sa shi tare da tsinkayen a robar magani. Wasu suna tsoma kan tsinken a narkakken kaki, a kankare in za a ƙyasta. Yana hana ruwa, amma gefen kwalin dai shi ne abin tsarewa.

Da hunturu lissafin juyewa yake. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe ƙarƙaf, komai abin kunna wuta ne, kuma audugar rimi da na yaba a sama ita ce ta fi haɗari, domin tana tashi sama da wutarta ta sauka a zana ko tarin kara. A wannan lokaci na fi son abin da ke zaune wuri ɗaya, totuwa ko ɗan ƙaro, a share ƙasa taku biyu ta kowane gefe, a kare murhu daga iska da duwatsu. Kandilon da ke ajiye maka wuta har asuba, haka zai ajiye ta bayan ka tafi, iska ta tone shi ta kai gonar maƙwabci inda harawa ke shanye. In za ka bar wurin, ka farfasa shi, ka zuba ruwa ko ƙasa, ka sa bayan hannu kusa ka ji ko da sauran zafi. Kuma duk tsananin sanyi kada a shigar da kurfoti cikin bukka ko ɗaki a rufe ƙofa; iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

A bukkarmu yanzu akwai tsohon gwangwanin madara rataye a jikin azara. A ciki akwai robar audugar basilin, da robar ashana, da guntayen ƙaron maje huɗu ko biyar, da wata laita da gas ɗinta ya ƙare tun bara. Ɗan yayan nawa shi ke murza audugar a farkon Yuli, kuma ya fi ni iya barin cikinta a bushe.